Ciwon damuwar mai ciki da mai jego: Abubuwan da ya kamata ka sani

A ƙasar Hausa da wuya ka ga wanda ake yi wa hidima kamar mai jego. Tun asuba an hura wuta an ɗora ruwan wanka, an tsinko ganyen darbejiya. Ga kunun kanwa, ga ƙauri, ga gasasshen nama da yaji. Masu barka suna shiga suna fita, kowa da tambayarsa: ya ruwan zafi, nono ya kawo, cibiya ta faɗi, jini ya ɗauke? Duka tambayoyin jiki ne. Abin da ke ranta ba ya cikin gaisuwa, domin an riga an yanke cewa macen da ta sauka lafiya, ga jariri a cinya, ba abin da ya rage mata sai murna.

Alƙaluman likitoci sun saɓa da haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a faɗin duniya kusan kashi 10 cikin 100 na masu ciki, da kashi 13 na waɗanda suka haihu, suna fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa. A ƙasashe masu tasowa abin ya haura haka: kashi 15.6 lokacin ciki, kashi 19.8 bayan haihuwa. Wato idan ka ƙirga mata biyar a layin rigakafi, mai yiwuwa ɗaya tana ɗauke da abin da ba ta faɗa wa kowa ba. Ciwo ne da ake ganewa da 'yan tambayoyi, yana kuma jin magani. Inda gizo ke saƙar shi ne ba a tambayar.

Kukan farkon jego ba shi ne ciwon ba

Fiye da rabin matan da suka haihu sukan shiga wani yanayi tsakanin kwana na biyu da na biyar: kuka ba dalili, saurin fushi, yanzu dariya anjima hawaye. Yakan zo daidai lokacin da nono ke cikowa, ga rashin barci, ga hayaniyar shirin suna. Wannan ba ya neman magani. Hutu da lallashi sun ishe shi, kuma ba ya wuce mako biyu.

Ciwon damuwa shi ne wanda ya zo ya zauna. Ma'aunin likitoci shi ne baƙin ciki, ko komai ya fita ran mutum, kusan kullum kuma kusan duk yini, har mako biyu ko fiye, ya kai ga hana mace harkokinta. Yana iya farawa tun ciki na ƙarami, ko a makonnin farko bayan haihuwa, ko can yaro ya fara rarrafe. Duk wanda ya taso cikin shekarar farko yana shiga wannan lissafin. Idan ba a yi magani ba yakan ja watanni, wata ma har a yaye yaro ta sake ɗaukar wani cikin ba ta fita ba.

Akwai kuma na uku, rikicewar hankali bayan haihuwa. Ba shi da yawa, amma shi ba a kwana da shi. Za mu zo kansa a gaba.

Yadda yake bayyana a cikin gida

Ba kasafai Bahaushiya za ta zauna gaban ma'aikaciyar asibiti ta ce tana cikin baƙin ciki ba. Abin da za a ji shi ne, "Kaina ya yi nauyi," ko "Gabana sai faɗuwa yake," ko "Jikina duk ya mutu," ko "Tunani ya yi mini yawa." Sai a gwada zazzaɓin cizon sauro da taifot, a rubuta maganin ƙarin jini, ta koma gida. Bayan mako biyu ta dawo da zafin ƙirji.

Mutanen gida sun fi kowa damar gani, in dai sun san abin da za su duba. Kowace mai jego ba ta samun isasshen barci, amma wannan jariri ya yi barci, gida ya yi tsit, ita idonta biyu tana kallon rufi har kiran assalatu. An kawo farfesu ya huce a rufe. Ta bar kitso ya tsufa, waya na ƙara ba ta ɗauka, ƙawaye sun zo ta yi lamo kamar mai barci. Wata tsoro ne ke cin ta: ta tashi ta kara kunne a hancin jariri, ta kwanta, ta sake tashi. Wata kuma fushi: ta daka wa babban yaron tsawa a kan ɗan ruwan da ya zubar, ta kai masa duka, sannan ta shige ɗaki ta yi ta kuka. A ƙarƙashin duk wannan akwai ganin laifin kai. Tana ganin ita ba uwar kirki ba ce, yaron ma da a hannun wata yake da ya fi jin daɗi.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. A nan fuskar takan yi ƙarya, domin mai jego ta san ana so a gan ta da fara'a. Ranar suna za ta ci ado, ta sha lalle, a yi hotuna. Idan ta yi ƙarfin hali ta buɗe baki, ga irin abin da kan biyo baya:

"Inna, ni dai ba na jin daɗin raina."

"Ke, ki gode wa Allah. Wasu shekara goma suna nema ba su samu ba."

Inna ba mugunta ta yi ba, abin da aka faɗa mata a zamaninta ne ta maimaita. Amma daga ranar 'yar ba za ta sake faɗa ba.

Kunyar ɗan fari ma takan zama labule. A gidajen da ake riƙe da wannan al'ada, ba a sa ran uwa ta ɗauki ɗanta na fari a gaban mutane ko ta kira sunansa, wani lokaci sai an yi da gaske take ba shi nono. Saboda haka yarinyar da da gaske ba ta jin komai game da jaririn sai a ce kara ce take yi. Bambancin yana fitowa ne idan ɗaki ya rage daga ita sai shi. Mai kunya za ta jawo shi ta yi masa wasa. Mai ciwo ko su biyu ne kallonsa take kamar ɗan wata, wannan kuwa shi ke ƙara mata azaba.

Akwai wani abin da mata ke ɓoyewa fiye da komai: mugun tunanin da ke faɗowa ba a gayyace shi ba. Ta ga kamar yaron zai suɓuce mata ya faɗa ruwan zafi, ko ta kalli wuƙa ta ji tsoron kanta. Irin wannan ya zama ruwan dare ga sababbin iyaye, kuma yadda yake firgita ta har take gudun abin alama ce ta cewa ba niyyarta ba ce. Faɗa wa likita yakan rage masa ƙarfi.

A lura kuma da bayan arba'in. Lokacin ne kaka ke tattara kayanta, wadda ta je wankan gida ta koma ɗakinta, girki da wanki da raino su dawo kanta gaba ɗaya. Ƙafar masu barka ta ɗauke. Sau da yawa a nan ne ciwon ke fitowa fili, a daidai lokacin da ba mai kallo.

Sau da yawa tun da ciki ya fara

A 2013 an wallafa wani bincike da aka yi a birnin Pittsburgh na Amurka, inda aka tantance mata 10,000 makonni kaɗan bayan sun haihu. Kashi 14 cikin 100 sun nuna alamun ciwon. Da aka bi diddigi, kashi 40 ne kawai nasu ya fara bayan haihuwa. Kashi 33 tun suna da ciki, kusan kashi 27 kuwa tun kafin cikin. Ke nan shida cikin goma sun shiga ɗakin haihuwa da ciwonsu.

Laulayi ne ke rufe shi. Kasala, ƙin abinci, yawan kwanciya, kowa zai ce ai ciki ne. Amma mai laulayi in ta samu sauƙi da yamma za ta yi hira ta yi dariya. Mai ciwon damuwa ko jiki ya sake, rai bai sake ba.

Barinsa ba magani yana da nasa farashi. Mai cikin takan yi sakaci da awo da abinci, kuma an fi samun haihuwar bakwaini da jarirai marasa nauyi a cikinsu. Bincike a Fakistan da kudu maso yammacin Najeriya ya nuna 'ya'yan matan da ke da ciwon suna baya a nauyi cikin watannin farko. Ba don a ɗora wa uwa laifi ake kawo wannan ba. Ana kawo shi ne don mai cewa a bar ta ba magani saboda lafiyar yaro ya san yaron ma yana biya.

Me ke jawo shi?

Lokacin ciki, sinadaran istirojin da furojestaron suna ninkuwa a jini sau da yawa. Mabiyiya na faɗuwa, sai su rikito cikin 'yan kwanaki. Kowace mace haka take, to me ya sa wata ke kamuwa wata ba ta kamuwa? A shekarar 2000 masu bincike a Amurka sun gwada abin a kan mata 16 da ba su da ciki, takwas sun taɓa yin ciwon bayan haihuwa, takwas ba su taɓa ba. Aka ba su waɗannan sinadarai na mako takwas, sannan aka janye ba tare da sun san ranar ba. Biyar daga cikin takwas na farko alamu suka dawo musu. A ɗaya rukunin ko ɗaya ba ta girgiza ba. Faɗuwar sinadarin iri ɗaya ce, ƙwaƙwalwar ce kowa da yadda tata ke ɗauka. Wannan halitta ce, ba hali ba ne.

Sai abin da rayuwa ke ɗorawa a kai. Wadda ta taɓa yin ciwon damuwa, ko yana cikin danginta, ta fi kusa. Bayan wannan, manyan masu tura mace su ne duka ko cin mutunci daga miji, rashin mai taimako, da talauci. A namu gidajen kowa ya san fuskokinsu: miji ya tafi ci-rani ya bar ta da tsohon ciki, ko an yi mata kishiya tana fama da kanta, ko ta haifi mace ta huɗu dangin miji suna barka a ciki-ciki. Ga yarinya 'yar shekara 15 da ba ta gama sanin jikinta ba. Ga wadda ta sha doguwar naƙuda, ko jijjiga, ko tiyata, ko ta tashi da yoyon fitsari. Ga wadda 'yan bindiga ko Boko Haram suka raba da garinta, ta haihu a sansanin gudun hijira ba uwa ba gwaggo.

Wadda aka fi mantawa ita ce wadda ta yi ɓari ko ɗan ya zo ba rai. Ba suna, ba barka. Za a ce Allah ya sa mai ceto ne, a watse. Kwana uku nono ya ciko ba mai sha. Tana cikin waɗanda suka fi kowa haɗarin kamuwa, a wannan karon da kuma ciki na gaba, amma da yake ba ta da goyon da za ta kai rigakafi, ba abin da zai sake haɗa ta da asibiti.

Wasu cututtukan jiki kuma suna shigar burtu su yi kama da shi. Ƙarancin jini yana kawo kasala da bugun zuciya. Ƙullin nan na gaban wuya da ke zama maƙoƙo idan ya kumbura yakan rikice bayan haihuwa, ya kawo gajiya ko rashin natsuwa. Ga kuma ciwon zuciyar masu jego, wanda likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa tun shekarun 1970, suka alaƙanta yawansa da kunun kanwa da tsananin gashi. Mai jegon da ke haki, ƙafa ta kumbura, ba ta iya kwanciya sai an tokare ta da matashi, zuciyarta za a fara dubawa. Shi ya sa gwajin jini da duba jiki ke cikin aikin.

Iska ce, sammu ne, ko raunin imani?

A nan ake ɓata mafi yawan lokaci. Ana ganin canji sai a ce ta gamu da iska a banɗaki, ko kishiya ce ta yi aiki. A kira mai ruƙiyya, a sha rubutu, a yi hayaƙi, wata uku ya wuce. Addu'a ba ta taɓa zama kishiyar asibiti ba. A yi tofi da safe a tafi ganin likita da hantsi, ba wanda ya hana. Abin ƙi shi ne a ce sai an gama da malam kafin a je asibiti, da kuma duka ko ɗauri da sunan fitar da aljani. Wannan zalunci ne ko da wane suna aka kira shi.

Zargin raunin imani ya fi ciwo, domin ita ma mai ciwon ta riga ta zargi kanta da shi. Ga jinin biƙi ya ɗauke mata sallar da ta saba samun natsuwa a cikinta. Tarihin Annabi Yaƙub, wanda baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya taɓa masa gani, ya isa ya sa mu yi hattara da wannan hukunci. Mai hawan jini ba a ce masa ya ƙara tawakkali ya bar ƙwaya. A ganina malamin da ya ce wa miji ya kai matarsa asibiti ya fi likita goma tasiri, domin shi ake fara zuwa wa, maganarsa kuma ba a musu.

Tambayoyi goma

Babu gwajin jini ko hoto da ke nuna ciwon damuwa. Tambaya ake yi. A 1987 John Cox da abokan aikinsa suka fito da ma'aunin Edinbura, tambayoyi 10 kan yadda mace ta ji cikin kwana 7 da suka wuce: ko tana iya dariya, ko tana zargin kanta ba dalili, ko abubuwa sun fi ƙarfinta. Maki yana tashi daga 0 zuwa 30, kuma 13 ko fiye yana nufin a zauna a bincika sosai. Tambaya ta ƙarshe kan tunanin cutar da kai ce, wannan ko maki nawa aka samu ba a tsallake ta. Duka bai fi minti biyar ba.

Inda babu takarda, tambaya biyu sun isa farawa: cikin watan nan, kin sha jin ranki a ɓace ko kin yanke ƙauna? Abubuwan da kike jin daɗinsu a da sun fita ranki? A yi su cikin sirri, ba a gaban uwar miji ba.

Maganin da ba ƙwaya

Ga ciwo mai sauƙi ko matsakaici, abin da ake fara bayarwa zama ne da wanda aka horar, ana magana bisa tsari. Ba nasiha ba ce. Mace ta ce, "Nonona ba ya isar sa, na kasa." Sai a buɗe katin awo tare da ita a ga nauyin yaro yana hawa, a koya mata ta riƙa auna irin wannan tunani da abin da ido ya gani. A tsara mata ƙananan abubuwa na kullum, wanka da sauya kaya, zama a tsakar gida, kiran ƙawa ɗaya, domin a wannan ciwo motsi ne ke jawo sha'awa, ba a jiran sha'awa ta zo. A ɗauki matsalolinta ɗaya bayan ɗaya a nemi wadda za a iya warwarewa a makon nan.

Za a ce ina muka ga masu yin wannan, alhali likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200? An riga an amsa wannan a ƙauyukan Rawalpindi na Fakistan. Farfesa Atif Rahman da tawagarsa sun horar da matan da ke aikin lafiya gida-gida, ba likitoci ba, suka riƙa ziyartar masu ciwon tun watannin ƙarshe na ciki. Sakamakon da aka wallafa a 2008 ya nuna cewa wata shida bayan haihuwa, kashi 23 ne ke da sauran ciwo a cikin waɗanda aka yi wa wannan tsari, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 53. 'Ya'yansu sun fi samun cikakken rigakafi, gudawa ta ragu. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da tsarin littafin koyarwa ga kowace ƙasa.

A gida ma an gwada. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranci wani bincike a ƙananan asibitocin Jihar Oyo, wanda aka wallafa a 2019, da mata 686. Ma'aikatan awo na yau da kullum ne suka yi jinyar. Bayan wata shida da haihuwa, kashi 70 sun warke a rukunin da aka ba kulawa mai zurfi, kashi 66 a rukunin da aka ba mai sauƙi. Abin lura a nan ba tazarar ba ce. Ko 'yar kulawar da ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi za ta iya bayarwa ta fitar da biyu cikin uku.

Ƙwayoyi: da ciki, da shayarwa

Idan ciwon ya yi tsanani, ko magana ba ta wadatar ba, ana ba da maganin damuwa. Tambayar kowa ita ce ko zai taɓa yaro. Satralin, wanda ake sayarwa da sunan Zoloft da wasu sunaye, yana cikin waɗanda aka fi zaɓa, domin abin da ke shiga nono daga cikinsa kaɗan ne ƙwarai. Ana kuma amfani da fuloksetin da amitiriftilin, waɗanda aka fi samu a asibitocinmu. Faroksetin likitoci kan kauce masa a farkon ciki. Jaririn da uwarsa ta sha irin waɗannan a ƙarshen ciki yana iya yin 'yar karkarwa ko yawan kuka a kwanakin farko, galibi ya wuce da kansa, amma dalili ne na a haihu a asibiti. Shan magani ba ya wajabta yaye.

Kurakurai biyu ne suka fi yawa. Na farko, a sha na kwana biyar a ce ba ya aiki. Maganin yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a fara ganin sauyi, kuma bayan an warke ana ci gaba aƙalla wata 6 don kada ya dawo. Na biyu, mace tana kan magani ta ga ta samu ciki ta watsar a ranar. Wani bincike na 2006 a Amurka kan mata 201 da suka taɓa yin ciwon ya nuna kashi 68 na waɗanda suka daina ciwon ya dawo musu kafin haihuwa, waɗanda suka ci gaba kuwa kashi 26. Dainawa ko ci gaba, da likita ake yanke shi. Banda guda ɗaya da ke neman hanzari: balfuret, wanda aka sani da Epilim, da ake bayarwa don farfaɗiya da wasu larurorin ƙwaƙwalwa, yana jawo nakasa ga kusan jariri 1 cikin 10. Mai shan sa da ke shirin ciki, ko ta ga ɓatan wata, ta ga likita cikin gaggawa a sauya mata, kada ta yanke da kanta.

A Agustan 2023 Amurka ta amince da zuranolon, ƙwaya ta farko da aka yi musamman don wannan ciwo, ana sha kwana 14 kuma yana fara aiki cikin kwanaki. Lokacin da ya fito kasuwa, kuɗinsa ya kusa dala 16,000. Labari ne mai daɗi, amma ba namu ba ne tukuna.

Abin da ke kusa da mu, kuma mai haɗari, shi ne kemis na bakin layi. Mace ta kasa barci, a sayo mata baliyam, ko wata ƙawa ta nuna mata taramol ko ruwan kodin, wanda gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da shi tun Mayun 2018. Ba ɗayansu da ke maganin damuwa. Suna kama mutum, suna bi ta nono, kodin kuwa yana iya danne numfashin jariri.

Lokacin da ba a jira gari ya waye

Rikicewar hankali bayan haihuwa tana samun mace 1 zuwa 2 cikin 1,000, galibi a mako biyun farko, wani lokaci tun kafin suna. Tana zuwa farat ɗaya. Mace ta kwana biyu ba barci kuma ba ta jin gajiya, ta yi ta surutu ba kai, ta ji muryoyi, ta ce an musanya mata jariri ko ana shirin kashe ta. Anjima ta dawo garau kamar ba ita ba, wannan ne ke yaudarar mutanen gida. Wadda ta taɓa yi a haihuwar baya, ko mai ciwon nan da ke kai mutum tsakanin tsananin zumuɗi da tsananin damuwa, ta fi kowa haɗari, ya kamata a yi shiri da likita tun da ciki. Da magani, yawanci suna warkewa sarai.

Haka nan duk wadda ta ce ta gaji da rayuwa, ko gara ta mutu kowa ya huta, ko ta fara ba da amanar 'ya'yanta. A Birtaniya, inda ake bin diddigin mutuwar kowace mai jego, kashe kai yana sahun gaba cikin abin da ke kashe mata tsakanin mako shida da shekara ɗaya bayan haihuwa. Tambayar mace kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta ba ya sa mata tunanin. A irin wannan hali kada a bar ta ita kaɗai, ko ita da jariri. A kwashe fiya-fiya da maganin ɓera da ƙwayoyi da wuƙaƙe daga inda hannunta zai kai, a tafi asibiti a ranar.

Wa zai kai ta, kuma ina?

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a arewa maso yammacin Najeriya haihuwar asibiti ba ta kai kashi 20 cikin 100 ba. Ke nan idon da zai fara ganin ciwon na miji ne, da uwa, da ungozomar unguwa. Kuma a yawancin gidaje mace ba ta fita sai da izini da kuɗin mota, don haka mabuɗin yana aljihun maigida.

Abin da ake nema a wurinsa ba shi da tsada. Ya sama mata barci na awa huɗu ko biyar a jere, wani ya riƙe jariri, a kawo shi shan nono kawai a mayar. Ya nemi ƙanwa ko gwaggo ta ƙara kwanaki bayan arba'in. Ya tare mata gorin danginsa. Ya zauna ya ji ta ba tare da ya yi saurin cewa ta yi haƙuri ba. Shi ma ya duba kansa, domin bincike ya nuna kusan uba 1 cikin 10 yana shiga irin wannan damuwa, musamman idan matar ma tana fama da ita.

Wurin farawa shi ne inda take awo ko rigakafi. Idan abin ya fi ƙarfinsu, akwai sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ga kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, da na Maiduguri. Zuwa can ba ya nufin an haukace, yawancin masu zuwa ganin likita suke su koma gida. Tun Janairun 2023 kuma Najeriya na da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, wadda ta ba mai irin wannan larura haƙƙin a kula da shi cikin mutunci.

Ana kai jariri rigakafi a mako na 6, na 10 da na 14. Idan akwai mai goyo a gidanka da ta yi mako biyu ba ta dawo daidai ba, ranar rigakafi mai zuwa kada ka sallame ta da kuɗin mota kawai. Ka bi ta, ka faɗa wa ma'aikaciyar abin da ka gani da bakinka, sannan ka fita ka ba su wuri su yi magana.